Asibitin Mazaɓa: An Yi Gini, Ina Kuɗin Tafiyar da Shi?

 Yau a shirinmu na faɗakarwa kan lafiyar al'umma, maganarmu a kan ƙaramin asibiti take, wanda wasu ke kira sha-ka-tafi. Shi ne asibitin da ke cikin mazaɓa ko ƙauye, inda mai juna biyu ke zuwa awo, inda ake kai jariri rigakafi, inda ake tsira wa yaro allura a yatsa a gane ko zazzaɓin cizon sauro ne ke damunsa. A Najeriya akwai irin waɗannan asibitoci kusan 30,000, kuma an sha jin jami'an lafiya da bakinsu suna cewa waɗanda ke aiki yadda ya kamata ba su wuce ɗaya cikin biyar ba. Duk lokacin da aka tayar da wannan magana, amsar da ake bayarwa guda ce: za a gina sababbi, za a gyara tsofaffi. Ni kuwa abin da nake son kafa hujja a kansa yau shi ne, ba ƙarancin gini ne ya kwantar da kiwon lafiya a matakin farko ba. Abin da ya kwantar da shi shi ne rashin kuɗin gudanarwa na yau da kullum, kuɗin da zai shiga asusun asibitin kansa, a kan lokaci, a hannun mutanen da suke kwana suna tashi a wurin, kuma da idon mutanen gari a kansa. Kuɗin nan ba mai yawa ba ne. Wuyarsa ita ce ba ya da farin jini wajen masu rabon dukiyar gwamnati.

Bari mu shiga irin wannan asibiti da misalin ƙarfe biyu na dare, don mu san abin da muke magana a kai. An kawo mace a bayan babur, ta haihu a gida, jini ya ɓalle. Ginin yana nan da sabon fenti, da allo a ƙofa ɗauke da sunan wanda ya gina shi. Ungozomar da ke aikin dare ta san abin yi sarai: allurar tsayar da jini mai suna oksitosin, ƙarin ruwa, sannan in abin ya ƙi, a garzaya babban asibiti. To amma oksitosin magani ne da zafi ke rage masa ƙarfi, dole a ajiye shi cikin sanyi, firjin kuwa ya daina aiki tun da batirin solar ya mutu. Babu wuta, don haka da fitilar wayarta take neman jijiya. Famfon tuƙa-tuƙan da ke tsakar gida ya lalace, ruwan wanke hannu a jarka aka sayo shi da rana. Safar hannu ta ƙare, an rubuta wa miji ya je kemis ya sayo, kemis kuwa ya rufe tun bayan isha'i. Motar ɗaukar marasa lafiya tana nan a kafe, ba mai a cikinta. Ku lura, masu sauraro, duk cikin abubuwan nan babu wanda yake buƙatar ɗan kwangila ko miliyoyi. Batiri ne, da roba ta famfo, da kwalin safar hannu, da 'yan litocin mai. Amma shugaban asibitin, wanda ake ce wa in-caji, ba shi da sisin da zai taɓa. Sai dai ya rubuta takarda zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, takardar ta kwanta a tebur har damina ta wuce.

Me ya sa gini yake samun kuɗi, batiri ba ya samu? Ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Gini ana ganinsa daga bakin titi, ana yanka masa zare, a kira makaɗa da 'yan jarida, kuma akwai kwangila a cikinsa. Shi ya sa ɗan majalisa in zai yi aikin mazaɓa, asibiti na cikin abin da ke fara zuwa masa a rai, ko da kuwa akwai wani a kilomita biyu wanda ba ma'aikaci a cikinsa. Kuɗin sabulu da man janareta kuwa babu wanda zai rubuta sunansa a jiki. Halinmu ya zama irin na mutumin da ya tattara abin hannunsa ya sayi ingarman doki, ya ɗaure shi a turke, bai tanadi harawa da dusa ba. A farkon 2017 gwamnatin Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da shirin farfaɗo da ƙananan asibitoci 10,000, aka fara da na Kuchingoro a Abuja. Manufar mai kyau ce, wato kowace mazaɓa ta sami aƙalla asibiti ɗaya mai aiki. Amma farfaɗowa in ta tsaya a rufin kwano da fenti, bayan shekara uku sai an sake wata farfaɗowar.

Wannan matsala tana da tarihi, kuma sanin tarihin zai taimaka mana mu gane inda igiyar ta tsinke. A 1978 ƙasashen duniya suka taru a birnin Alma-Ata na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, suka yi ittifaƙin cewa lafiya a matakin farko ita ce hanyar da za a bi a kai ga lafiya ga kowa kafin shekarar 2000. A Najeriya wanda ya ɗauki wannan magana da gaske shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. Ya fara da ƙananan hukumomi 52 a matsayin zakaran gwajin dafi, aka horar da ma'aikatan lafiya na karkara, aka kafa kwamitocin ƙauye, rigakafin yara ya haɓaka sosai, sannan a 1992 aka kafa hukumar tarayya mai kula da lafiya a matakin farko. Tunaninsa shi ne aikin ya zauna a hannun ƙaramar hukuma, tunda ita ce mafi kusa da jama'a. A takarda babu aibu a wannan. Kuskuren da aka yi shi ne an ɗora nauyi mafi girma a kan matakin gwamnati mafi rauni. Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, kason ƙananan hukumomi ya riƙa bi ta asusun haɗaka na jiha, abin da ya isa gare su sau da yawa albashi ne kawai, in ma ya isa. To hukumar da take fama da biyan albashi, ina za ta tuna da batirin firji a wani ƙauye?

Abu na biyu da ya biyo baya shi ne yawan iyayen gida. An daɗe ana samun asibiti guda wanda tarayya ce ta gina shi, ƙaramar hukuma ke biyan ma'aikatansa, hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ke yi musu sauyin wurin aiki, ma'aikatar lafiya ta jiha ke zuwa duba shi, magani kuma wata ƙungiyar agaji ce ke kawowa. In abu ya lalace, kowa yana da wanda zai nuna da yatsa. Shirin tura ungozomomi karkara na 2009 ya nuna wannan a fili. An ɗauki ungozomomi, sababbin kammala karatu da waɗanda suka yi ritaya, aka rarraba su ƙauyuka bisa yarjejeniyar cewa tarayya za ta biya wani kaso na alawus, jiha ta biya wani, ƙaramar hukuma ta cika saura ta kuma ba da masauki. A wurare da dama jihohi da ƙananan hukumomi ba su cika nasu alkawarin ba, ungozomomin suka riƙa tattara kayansu. Don magance wannan rarrabuwa ne Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta amince a 2011 da tsarin tattara lafiyar matakin farko ƙarƙashin inuwa ɗaya, wato kowace jiha ta kafa hukuma guda da za ta riƙe ma'aikata da kasafi da sa ido. Jihar Jigawa ma ta riga ta yi irin wannan yunƙuri tun 2007 da tsarinta na Gunduma. Wannan gyara ne na gaske, ya bayyana wanda za a kama in an yi sakaci. Sai dai tattara iko a babban birnin jiha bai kai kuɗi aljihun asibitin ƙauye ba. Takardar in-caji ta daina kwanciya a sakatariya, ta koma kwanciya a hedikwata.

To wa yake biyan kuɗin a halin yanzu? Mara lafiya. Cikin kowace naira ɗari da ake kashewa kan lafiya a Najeriya, sama da saba'in daga aljihun mutane take fitowa kai tsaye, a lokacin da ciwo ya kwantar da su. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu, amma kasafin tarayyar ƙasar da aka yi alkawarin a cikinta ya daɗe yana kai-komo tsakanin kashi 4 da 6. Sakamakon haka a bayyane yake. Magidanci ya san in ya kai ɗansa asibitin mazaɓa, takarda za a rubuta masa ya je kemis, don haka sai ya wuce kemis ɗin kai tsaye, a ba shi rabin maganin da kuɗinsa zai iya saya. Sai ciwo ya ci ƙarfin yaro sannan a nufi babban asibiti, inda likitan da ya kamata ya ji da tiyata yake fama da layin masu zazzaɓi da gudawa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin yara dubu da aka haifa, 132 ba sa kai shekara biyar, kuma mata 512 ke rasuwa sanadiyyar ciki da haihuwa cikin kowace haihuwa dubu ɗari. Haihuwar da ake yi a asibiti kashi 39 ce a ƙasa baki ɗaya, a arewa maso yamma kuwa ba ta kai ɗaya cikin biyar ba. An saba ɗora laifin wannan a kan al'ada da kunya da mazajen da ba sa barin matansu su fita, kuma ban ce babu ƙamshin gaskiya a ciki ba. Amma matar da ta taɓa zuwa da dare ta tarar da ƙofa a garƙame, ba al'ada ce za ta hana ta komawa ba.

Mafita ta fara bayyana da Dokar Lafiya ta Ƙasa wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014. Dokar ta kafa asusu na musamman don lafiya a matakin farko, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya kowace shekara. Ta kuma raba kuɗin: rabi a biya wa jama'a wasu muhimman ayyukan jinya ta hanyar inshorar lafiya, kashi 20 magunguna da alluran rigakafi, kashi 15 gyaran wuri da kayan aiki da sufuri, kashi 10 ma'aikata, kashi 5 agajin gaggawa. Sai da aka shekara huɗu ana jan ƙafa kafin a sa kuɗin a kasafin 2018, kimanin naira biliyan 55. Abin da ya bambanta wannan asusu da shirye-shiryen baya shi ne wani ɓangare nasa yana shiga asusun banki na asibitin kansa. Ga yadda abin yake a aikace. Asibitin da aka zaɓa a mazaɓa yana buɗe asusu da sunansa, masu sa hannu su ne in-caji da shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda mutumin gari ne ba ma'aikacin gwamnati ba. Duk wata uku sai su zauna su rubuta abin da suke bukata: a ɗinke rufin ɗakin haihuwa, a sayi batiri, a biya mai shara da mai gadi, a zuba wa babur mai don kai rigakafi rugagen da ke nesa. Hukumar jiha ta duba ta amince, a saki kuɗi, a kashe, a ajiye rasit. A shekarun farko abin da kowane asibiti ke samu ta wannan hanya kimanin naira dubu 300 ne a wata uku, daga baya aka sanar da ƙari.

Wani zai ce wannan tsari ne mai daɗin ji, amma ina shaidar yana aiki? Akwai shaida, kuma a cikin ƙasar nan aka samo ta. Kafin asusun ya fara aiki, an gudanar da wani babban shiri da rancen Bankin Duniya a jihohin Adamawa da Nasarawa da Ondo. An raba ƙananan hukumomi gida biyu. A kashi na farko ana biyan asibiti gwargwadon aikin da ya yi, kowace haihuwa da kowane rigakafi da farashinsa, har ma'aikata su sami lada daga ciki, wanda hakan ke bukatar masu tantancewa su yi ta zirga-zirga suna ƙirga rajista. A kashi na biyu kuwa kuɗin gudanarwa kawai ake tura wa asibiti, kusan rabin abin da na farko ke samu, a bar shi ya tsara yadda zai kashe tare da kwamitin gari, a riƙa zuwa ana duba shi. Da aka auna sakamako, sai aka tarar duka biyun sun inganta aiki idan aka kwatanta da inda ba a yi komai ba, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba ta taka kara ta karya ba, duk da cewa na biyun ya fi araha nesa ba kusa ba. Abin da na fahimta daga wannan shi ne, ba wata dabara mai sarƙaƙiya ce ta kawo canjin ba. Abin da kasoshin biyu suka yi tarayya a kai shi ne kuɗi a hannun asibiti, 'yancin yanke shawara, da sa ido a kai a kai. Ma'aikacin da aka daɗe ana kira malalaci, ashe da yawansu kayan aiki ne ba su da shi.

Yanzu mu zo ga masu ja, domin suna da hujjoji, kuma ba daidai ba ne a yi kamar ba a ji su ba. Na farko yana cewa: ka ba in-caji asusun banki, ai ka buɗe sababbin ƙofofin sata ne guda dubbai. Gaskiya ne za a sami wanda zai haɗa baki da shugaban kwamiti su rubuta rasit na ƙarya. Za a sami kwamitin da kansila ya cika da 'yan uwansa. Amma mu tambayi kanmu, a ina sata ta fi sauƙin ɓoyewa? Kwangilar sayen magani ta miliyan ɗari biyar da aka bayar a ofis a babban birni, mutumin ƙauye ba zai taɓa sanin an bayar ba, balle ya san an kawo ko ba a kawo ba. Amma in aka ce an sayi batiri, ko dai fitila ta kama da dare ko ba ta kama ba, kuma duk unguwa za ta gani. In-caji yana sallah a masallacin garin, matarsa tana zuwa suna da biki a garin. Abin da ake bukata shi ne a sauƙaƙa wa mutane gani: a liƙa takarda a bangon asibiti da Hausa, ko da ajami inda shi aka fi karantawa, a rubuta nawa ya shigo, ranar da ya shigo, da abin da aka saya. A sa mata a kwamitin, ba don cika sharaɗi ba, sai don su ne suke shiga ɗakin haihuwa, su suka san ko akwai ruwa a bayan gida. A kuma hukunta wanda aka kama, maimakon a mayar da shi wani ƙauye ya ci gaba.

Na biyu yana cewa kuɗin ya yi kaɗan, kuma a nan ina tare da shi fiye da rabi. Naira dubu ɗari a wata ba ta da wani kauri tun asali, bayan cire tallafin mai da faɗuwar darajar naira a 2023 kuwa ta ƙara zama ba komai ba, ga farashin magani ya yi tashin gwauron zabi. Sannan da farko asibiti ɗaya asusun ya ɗauka a mazaɓa, wato 8,000 da 'yan kai cikin kusan 30,000, ko da yake a ƙarshen 2023 gwamnatin Bola Tinubu, da Farfesa Muhammad Ali Pate a matsayin minista, ta yi alkawarin ninka adadin zuwa sama da 17,000. Kuma kuɗin gudanarwa ba ya haifar da ungozoma. In ma'aikata sun taru a asibitocin cikin birni saboda kowa yana da wanda zai roƙa kada a tura shi ƙauye, to ko an cika asusun asibitin ƙauye da kuɗi, ƙofa a rufe za ta kwana. Wannan aikin jiha ne: ta ɗauki ma'aikata, ta fifita 'ya'yan yankin a makarantun koyon aikin lafiya, ta gina masauki kusa da asibiti, ta biya alawus na zaman karkara. Amma ƙarancin kuɗin hujja ce ta a ƙara shi, ba hujja ce ta a janye shi a mayar da shi kwangila ba. Kuma akwai abin da ya fi yawan kuɗin muhimmanci, wato zuwansa a kan kari. In-cajin da ya tabbata kuɗi zai shigo farkon kowane zango na wata uku zai iya karɓar kaya bashi, ya riƙe mai shara, ya tsara fita rigakafi. Wanda kuɗin zango na farko ke iske shi a zango na uku, saboda jiharsa ba ta gabatar da bayanan kashe kuɗi ba ko ba ta zuba nata kason ba, ba abin da zai iya tsarawa.

Na uku yana cewa a bar duk wannan lissafi, gwamna ya fito ya ce jinyar mata masu ciki da yara kyauta ce, shi ke nan. Jihohinmu da dama sun yi wannan shela, kuma maƙwabciyarmu Nijar ta yi ta a matakin ƙasa, don haka akwai darasi a can. Daga 2005 zuwa 2006 Nijar ta ɗauke wa mata kuɗin tiyatar haihuwa, ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuɗin jinya, bayan ta baza ƙananan ɗakunan shan magani kusan dubu biyu a karkara a zamanin Mamadou Tandja. Iyaye suka yi tururuwa zuwa asibiti, kuma wannan, haɗe da rabon gidan sauro da yaƙi da tamowa, ya sa mutuwar yara ta sauko daga 226 cikin dubu a 1998 zuwa 128 a 2009. Wannan nasara ce da ba mai musunta ta, kuma ta tabbatar da cewa kuɗi ne ke hana talaka zuwa asibiti. Amma tsarin ya ginu ne a kan asibiti ya yi aiki tukuna, gwamnati ta biya shi daga baya. Biyan ya riƙa makara watanni, har shekaru, bashi ya taru, kantocin magani na asibitoci suka bushe, aka koma rubuta wa iyaye takarda su je waje su saya. Can baya kuma, a 1987, ministocin lafiya na Afirka sun gwada akasin haka a Bamako: a ba asibiti jarin magani, ya sayar da rahusa, ya juya kuɗin. Wannan ya sa magani ya zauna a kanta, amma ya bar wanda ba shi da ko sisi a waje, kuma inda aka taɓa jarin aka yi wata hidima da shi, asusun ya rushe. Hanyoyin biyu sun haɗu a wuri guda. Jinya ba ta taɓa zama kyauta, wani ne ke biya, kuma in ba a biya asibiti kafin mara lafiya ya iso ba, mara lafiyar ne zai biya. Shi ya sa rabin asusun da ke bi ta inshora yake da amfani, domin hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi, irin wadda Kano ta kafa, suna biyan asibiti wani abu a kan kowane mutum da aka yi wa rajista, ya zo ko bai zo ba. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusu don marasa galihu, amma manomi da mai talla da ɗan acaɓa ba su da albashin da za a cira, don haka in ba gwamnati ta biya musu daga haraji ba, wajabcin zai tsaya a takarda.

Akwai kuma sabuwar magana da ta taso. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba. Wasu na ganin in aka aiwatar da wannan, sai a rushe hukumomin jiha a mayar wa ciyamomi asibitocinsu. Ina ganin wannan komawa gidan jiya ce. Albashi da horo da sayen magani da yawa da ajiyar alluran rigakafi cikin sanyi, duk sun fi tafiya daidai a hannu guda a matakin jiha. Abin da ya dace da ƙaramar hukuma mai kuɗi a hannu shi ne ta ɗauki asibitocin da asusun tarayya bai kai gare su ba, ta riƙa zuba musu kuɗin gudanarwa a asusunsu kowane wata bisa doka, ba bisa ganin damar ciyaman ba. In ba a ɗaure wannan da doka ba tun yanzu, kuɗin zai tafi inda ya saba tafiya, wato sabon gini kusa da tsohon da ba kowa a ciki.

Dogaro da masu ba da agaji kuwa, shekarar 2025 ta isa wa'azi. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan tallafinta na ƙasashen waje, shirye-shiryen zazzaɓin cizon sauro da tamowa da tarin fuka a ƙasashe da dama suka girgiza cikin 'yan makonni. Ko a lokacin da agajin ke gudana, yana zuwa ne da sunan cuta guda. Yaƙi da shan inna ya yi nasara, an tabbatar da Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agustan 2020, da gudummawar sarakuna da malamai da matan da suka bi gida gida. Amma iyaye sun daɗe suna yi wa masu ɗigon tambayar da ba ta da amsa: me ya sa kuke biyo mu har ɗaka da wannan kyauta, alhali in yaro na zazzaɓi muka je asibiti ba ko farasitamol? Ɓarkewar mashaƙo da ta fi tsanani a Kano a 2023, cutar da rigakafin yau da kullum ke hanawa, ta nuna abin da ke faruwa in gangami ya yi ƙarfi asibitin mazaɓa ya yi rauni.

Saboda haka mai sauraro, ko kai mai unguwa ne, ko limami, ko shugabar ƙungiyar mata, ko direban da ke cikin masu kai mata asibiti in naƙuda ta zo da gardama, akwai tambayoyin da kake da haƙƙin yi, kuma ba sai ka je babban birni ba. Ka tambaya ko asibitin mazaɓarku yana cikin waɗanda ke karɓar kuɗin asusun nan. In yana ciki, su waye 'yan kwamiti, wa ya zaɓe su, yaushe suke zama, yaushe kuɗin zangon da ya wuce ya shigo, kuma me aka yi da shi. In an yi rajistar marasa galihu a inshora, ka nemi sanin su waye aka rubuta, domin a nan ma ana cusa sunayen da ba su cancanta ba. In kuma ɗan takara ya zo da alkawarin gina muku asibiti, ku roƙe shi ya faɗa muku ma'aikata nawa za a turo, wa zai biya su, kuma daga wane layi na kasafin kuɗi za a riƙa sayen man janareta. A shiri na gaba za mu duba yadda ake kafa kwamitin ci gaban mazaɓa da irin ikon da ƙa'ida ta ba shi.